Wace unguwa zan zauna a Damagaram, kuma yaya zan shiga cikin mutane?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin lafiya ne, an yi mini canjin wurin aiki daga Yamai zuwa Damagaram, kuma zan kama aiki bayan damina. Ina da mata da yara uku, biyu daga cikinsu suna makarantar firamare. Ban taɓa zama a garin ba, ba ni da dangi a can, abokan aikina kuma kowa da abin da yake gaya mini. Wani ya ce in nemi Sabon Gari, wani ya ce sababbin unguwannin bakin gari sun fi, wani ya ce kada in kuskura in kusanci Kara-Kara. Wace unguwa ce ta dace da mai iyali irina, kuma me zan yi don kada mu shekara da shekaru muna zaman baƙunta?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wannan canji ya zama alheri gare ka da iyalinka. Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema: inda za ka ajiye kayanka, da yadda mutanen wurin za su ɗauke ka nasu. Ni haifaffen Zango ne, kuma na daɗe ina kula da gidajen haya na mutanen da suke zaune a wasu garuruwa, ina saka ƴan haya, ina karɓar kuɗi, ina sasanta rigima idan ta taso. A wannan aiki na ga malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da sojoji, da ƴan kasuwa sun zo sun zauna, wasu sun tafi da kewar garin, wasu kuma sun tafi suna Allah-wadai da shi. Abin da na lura da shi shi ne, sunan unguwa bai cika raba waɗannan da waɗancan ba. Abin da yake raba su shi ne ruwa, da kuma mutanen da ƙofarsu take kallon tasu.

Yadda garin yake

Damagaram gari ne da aka gina hawa-hawa, kuma kowane hawa yana da halinsa. Birni shi ne tsohon gari, inda fadar Sarkin Damagaram take, a tsakanin manyan duwatsu, wanda Sarki Tanimu ya kewaye da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19. Zango kuwa, kamar yadda sunansa ya nuna, masaukin fatake ne, inda ayarin raƙuma da suka keto sahara suke sauka, shi ya sa har yau za ka ga tsofaffin gidajen attajirai masu zane a fuskar bango da zankwaye a bisa. Da Turawan Faransa suka ci garin a 1899, sai suka kafa barikinsu da ofisoshinsu, Sabon Gari ya taso a tsakanin tsofaffin unguwannin biyu, garin kuma ya zama babban birnin ƙasar Nijar kafin a mai da mulki Yamai a 1926. Daga baya aka samu Garin Malam, da Tudun Jamus, da Jagindi, da Karkada, da Share Zamna, da Kanya, da sauran unguwannin da ake ta yankawa har yanzu. A ƙidayar 2012 an samu mutum sama da dubu 300 a gundumomi biyar na birnin, kuma tun daga lokacin garin bai daina faɗaɗa ba, musamman bayan da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 a kan hanyar Tanut, jami'a kuma ta kawo ɗalibai da malamai masu neman ɗaki.

Na kawo wannan tarihi ne don dalili ɗaya. A tsofaffin unguwanni, za ka tarar da zuri'ar da ta yi shekara ɗari ko fiye a lungu guda, kowa ya san kakan kowa, saboda haka baƙo yana shiga a gane shi, a sa masa ido, amma kuma a tsare masa gida idan ya yi tafiya. A sababbin unguwanni kusan kowa baƙo ne, babu mai tambayarka ɗan wane ne kai, amma ranar da matarka ta fara naƙuda da tsakar dare kana wurin aiki, sai ka gane cewa rashin mai sa ido ma yana da tsadarsa.

Maganar ruwa

Duk wanda ya ba ka shawarar unguwa a Damagaram bai fara da ruwa ba, to bai zauna a garin ba. Garin yana zaune ne a kan dutse, irin dutsen da ba ya riƙe ruwa a ƙarƙashinsa, shi ya sa rijiyar cikin gari ba ta isar mutane, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birni daga nan. Ruwan famfo daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, daga baya aka ƙara da Ganaram. An yi ayyuka, an samu sauƙi idan aka kwatanta da da, amma jama'a suna ƙaruwa, kuma idan bazara ta kankama, daga watan Maris zuwa Mayu, ruwan ba ya isa ko'ina da ƙarfi ɗaya. Wurin da yake kan tudu, ko yake can ƙarshen bututu, shi ne farkon wanda famfonsa yake yin shiru. A unguwa ɗaya kana iya samun layin da ruwa yake zuwa kullum, da layin bayansa da sai ƙarfe biyu ko uku na dare mata suke tashi tarar abin da ya ɗigo.

A nan ne lokacin zuwanka yake da haɗari. Bayan damina ruwa yana wadata, buƙata tana raguwa, duk famfon da dillali ya murɗa maka zai zubo, sai ka ce ka samu gida. Famfon watan Oktoba ba ya shaidar famfon watan Afrilu. Saboda haka kada ka tsaya ga abin da idonka ya gani a bakin famfo, ka dubi abin da mutanen layin suka tanada. Gidan da ka ga an jera jarkoki, waɗanda muke kira bido, goma ko ashirin a zaure, da tano-tano, wato manyan gangunan ruwa, a tsakar gida, da tanki a ƙasa ban da na bisa, yana gaya maka labarin bazarar da ta wuce. Bayan haka ka nemi ƴan ga-ruwa a inda suke tsayawa da kurarsu, ka gaishe su, ka tambaye su layukan da suka fi samun ciniki da zafi, da kuma nawa bido yake kaiwa a lokacin. Ba su da gidan da suke son su ba ka haya, don haka ba su da dalilin ɓoye maka komai. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, ban samu mai ba da labarin ruwa da ya kai ɗan ga-ruwa gaskiya ba.

Sannan ka yi lissafi, domin nan ne mutane da yawa suke ruɗin kansu. Ɗauki misali kawai: gida biyu, ɗaya ana neman jika 40 a wata, wato sefa dubu 40, ɗayan jika 30. Mai iyali biyar, da wanka da wanki da girki da ban-ɗaki, yana iya shan bido takwas ko goma a yini idan ana zafi. Idan gidan jika 30 yana layin da sai an saya, to kuɗin ruwan wata uku na bazara yana iya cinye rangwamen da ka samu, ban da wahalar jira, da rashin barcin uwargida, da faɗan da yake tashi a bakin famfo tsakanin ƴan haya. Na taɓa saka wani malamin makaranta a wani gida mai kyau, sabon gini, da fenti da tayil, a kan tudu, duk da na gaya masa halin layin. Kyan gidan ya rinjaye shi. Kafin azumin shekarar ya ƙare ya zo yana roƙona in nema masa ko da gidan ƙasa ne, in dai ruwa yana zuwa. Tun daga ranar, idan mutum ya ƙi jin maganar ruwa, nakan ce ya je wurin wani.

Zuwanka a ƙarshen damina yana da amfaninsa ta wani gefen, domin lokacin ne ƙasa take tona asirin kanta. Dutsen da ya hana ruwa zama a ƙarƙashi shi ne yake sa ruwan sama ya gangara ya taru a kwari, shi ya sa garin yake da tafkuna a tsakanin unguwanni. Gidan da yake kusa da tafki yakan yi araha, amma sauro da zazzaɓin cizonsa suna cikin kuɗin hayar, kai kuwa ma'aikacin lafiya ne, ba sai na yi maka bayanin abin da watan Satumba da Oktoba suke kawowa ɗakin yara ba. Ka dubi gindin bango daga waje da ciki, idan ka ga layin danshi ko gishiri-gishiri ya hau kamu ɗaya ko biyu, to nan ruwa ya tsaya. Ka dubi ko daɓen gidan ya fi titi tudu ko titi ya fi shi. Ginin ƙasa yana da sanyi da bazara fiye da ginin siminti mai rufin kwano, wanda yake zama tanda da rana, amma yana son yaɓe da gyaran indararo duk shekara. Ruwan 2024 ya nuna wa kowa haka, tunda har tsohon masallacin Birni mai tarihi ya rushe a watan Satumba na shekarar. Idan gidan ƙasa ka zaɓa, ka tambayi wanda yake da alhakin yaɓe, a kuma rubuta.

Unguwannin da aka ambata maka

Sabon Gari da kewayensa suna da sauƙin rayuwa ga ma'aikaci, domin ofisoshi da bankuna da Kasuwar Dole da tashoshin mota duk suna kusa, kuma an saba da baƙi. Abin da za ka biya shi ne hayaniya, da ƙura, da cunkoso, musamman ranar Alhamis da kasuwa take ci, da kuma ƙarancin fili a tsakar gida. Zango tana da mutunci da zumunci, ga masallatai da makarantun allo a kowane lungu, sai dai yawancin gidajenta na gado ne, kuma hayar gidan gado tana son taka-tsantsan, domin wanda ya ba ka makulli yau, gobe ɗan'uwansa yana iya zuwa ya ce ba da yawunsa ba. Birni ba na cika tura sabon zuwa can, ba don wani aibu ba, sai don lungunanta matsattsu ne, gidan haya mai zaman kansa kaɗan ne, kuma zama kusa da fada yana da ladubban da sai a hankali ake koyonsu. Sababbin unguwanni na bakin gari suna da gidaje masu faɗi da iska, amma ka tabbatar wuta da ruwa sun riga sun iso ƙofar gidan, kada ka yarda da "an kusa jawowa", sannan ka lissafa kuɗin kabu-kabu ko adaidaita na kai yara makaranta da dawo da su, da naka na zuwa aikin dare.

Game da Kara-Kara, ina so in yi adalci. Unguwa ce da aka kafa tun asali don zaunar da masu cutar kuturta a gefen gari, aka daɗe ana ƙyamarta, talauci ya yi mata katutu, daga baya kuma ta yi suna da ƙungiyoyin samarin da ake kira pale. Wannan duk gaskiya ne, kuma ba zan ce wa baƙo mai ƙananan yara da bai san kowa ba ya fara da can ba. Amma mutanen cikinta masu neman halaliyarsu ne kamar kowa, da yawa daga cikinsu za ka same su a layin asibitinka, kuma yadda ka karɓe su can zai zaga gari kafin ka san sunan titin gidanka. Kada ka ɗauki maganar abokin aikinka ka mai da ita abin faɗa a majalisa.

Idan ka matsa mini in zaɓa maka, zan ce ka nemi unguwa mai matsakaicin shekaru, wadda ta riga ta cika, bishiyoyinta suka girma, masu gidaje suke zaune a cikin gidajensu tare da ƴan haya jefi-jefi, kuma wadda ba ta fi tafiyar ƙafa ta yaro ba zuwa makaranta. Nisan wurin aikinka ya zo bayan nisan makarantar yara, domin kai kana da babur ko za ka saya, su kuwa da ƙafa za su bi rana.

Dillali, mai gida da takarda

Dillali yana da amfani, ni ma kusan aikinsa nake yi, amma ka tuna ladarsa tana fitowa ne ranar da ka biya. Ku yi maganar ladar tun kafin ya nuna maka gida na farko. Kada ka aika kuɗi daga Yamai a kan hoton da aka turo maka ta WhatsApp, ko da wanda ya turo ya rantse, domin hoto ba ya nuna kwatar da take bin ƙofar gida, ko injin niƙa da yake manne da bangon ɗakin kwana. Ka nemi ganin mai gidan da kansa, ko wakilinsa da maƙwabta suka sani. Ku rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce, da shaidu biyu: kuɗin wata, watanni nawa ka bayar gaba, kuɗin ajiya da sharaɗin mai da shi, wanda zai yashe masai idan ya cika, da kwana nawa za a sanar da juna kafin tashi. Ka nemi a nuna maka takardun biyan wuta da ruwa na ƙarshe, kada ka gaji bashin wanda ya tashi.

Rigimar da na fi sasantawa a gidajen haya ita ce ta kwanta ɗaya, wato mitar wuta, da gida uku ko huɗu suke rabawa. Wannan yana da firiza, wancan yana da dutsen guga, wata tana sayar da ƙanƙara, ƙarshen wata kuma a ce a raba daidai. Mutanen kirki sun daina gaisawa a kan wannan. Idan da hali, ka nemi gida mai kwantarsa shi kaɗai, ko da ɗakunansa sun fi ƙanƙanta. Batun sayen fili kuwa, ka bar shi sai ka shekara, ka ga bazara ɗaya da damina ɗaya da idonka, ka kuma san wanda zai raka ka ma'aikatar magajin gari a duba takardun.

Shiga cikin mutane

Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari, kuma ɗan garin farko da kake buƙata shi ne mai unguwa. A makon da ka tare, ka roƙi mai gidanka ko wani dattijon layin ya raka ka wurinsa, ka riƙe ɗan goro, ka faɗi sunanka da inda ka fito da aikin da ya kawo ka. Ba doka ce ta tilasta maka ba, amma ranar da aka yi maka sata, ko yaronka ya fasa kan yaron wani, ko kake neman shaidar zama, za ka je wurin wanda ya riga ya san fuskarka. Daga nan sai limamin masallacin layinku. Idan kana salla a masallaci ɗaya, asuba da magariba musamman, cikin mako biyu za a fara tambayar lafiyarka ranar da ba a gan ka ba. Wanda ba Musulmi ba ma, gaisuwar dattawan da suke zaune a ƙofar masallaci ba ta gagare shi.

Gaisuwa a nan ba a yin ta a guje. Mutumin da ya saba da saurin Yamai yakan ɗaga hannu daga kan babur ya wuce, yana ganin ya gaisa, dattawan kuwa sun rubuta shi a cikin masu girman kai. Ka tsaya, ka kashe babur, ka sauko, ka tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi ko zafi, ka ce "Baba" ga wanda ya haife ka, "Malam" ko "Alhaji" ga sa'anka, "ranka ya daɗe" ga mai sarauta. Minti biyu ne, amma su ne jarin da za ka ci ribarsa shekaru.

Abin da ya fi kowane nauyi shi ne mutuwa. Suna da ɗaurin aure, idan aiki ya hana ka, kana iya aika gudummawa ka biyo baya da barka, a karɓi uzurinka. Jana'iza da zaman makoki kuwa ana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma ba a mantawa. Ko ba ka san mamacin ba, in dai a layinku ne, ka fita, ka bi gawa idan ka samu dama, ka zauna a tabarma ko na rabin awa ne, ka yi addu'a, uwargida kuma ta shiga cikin gida wurin mata. Na san wani ma'aikaci da ya yi shekara uku a wata unguwa ba ya fita irin wannan, ba don mugunta ba, shi dai gida da ofis ya sani. Da mahaifiyarsa ta zo jinya ta rasu a gidansa, mutanen layin sun fito, sun yi mata sutura, domin ba a barin gawa, amma da kansa ya gaya mini cewa kunyar da ya ji a ranar ta kusa kai baƙin cikin rashin. Bayan haka ya zama na farkon shimfiɗa tabarma a kowane makoki.

Akwai ƙananan abubuwa da suke tafiya tsakanin gidaje, waɗanda su ne ainihin maƙwabtaka: kwanon kunu ko ƙosai da azumi, da naman layya, wanda a ƙasarmu ake banƙare shi a bakin wuta ranar Salla a raba washegari. Kwanon da aka aiko muku kada ya koma wayam. Idan lokacin hawan Salla ya yi, ka kai yara ƙofar fada su ga dawaki, ka kai su kallon hawan ƙaho da wasan kara idan ana yi, domin yaron da ya ga abin da abokansa suke labari ya daina zama bare a cikinsu.

Za a gayyace ka fada, wato majalisar shayi da kusan kowane layi yake da ita. Ka zauna, amma ka yi wata guda kana saurare kafin ka zaɓi wadda za ka riƙa zama, domin da fadar da mutum yake zama ake auna shi. Ka sa hannu a kuɗin sukari da ganyen shayi. Ka kiyayi siyasa har sai ka san wanda yake gefenka, kuma ka kiyayi jumlar nan da take kashe wa baƙi kasuwa, wato "a Yamai ba haka ake yi ba." Damagarawa suna da alfahari da garinsu, suna sane da cewa nan ne babban birni kafin Yamai, kuma su da kansu suna kukan ruwa da wuta kullum, amma ba sa son su ji shi a bakin wanda ya zo jiya. Idan kuma wani ya tsokane ka da wasan ƙabila, kamar yadda Barebari da Fulani suke yi wa juna, ka gane cewa ƙofa ce ya buɗe maka, ka rama cikin raha.

Aikinka zai jawo maka mutane fiye da yadda kake zato. Da zarar an san akwai "likita" a layin, za a ƙwanƙwasa maka ƙofa da dare saboda yaro mai zazzaɓi, za a kawo maka takardar magani ka duba, za a nemi ka sa baki a ga wane da wuri. Wannan hanya ce ta samun wuri a zukatan mutane, kuma hanya ce ta samun baƙin jini idan ka fara abin da ba za ka iya ɗorewa a kai ba. Tun farko ka nuna iyakarka cikin ladabi: za ka duba, za ka ba da shawara, za ka nuna inda za a je, amma gidanka ba wurin allura ko sayar da magani ba ne. Haka ma bashi. Wanda ya zo rance a watanka na farko, ka ba shi abin da za ka iya yafewa, ko ka ba shi haƙuri.

Uwargida da yara

Kai za ka fita aiki ka samu abokai, ita ce za ta wuni a gidan da ba ta san kowa ba, kusan kilomita 900 daga danginta. Yawancin iyalan da na ga sun kasa zama, daga nan matsalar ta fara. Ni namiji ne, abin da na sani na zaman mata daga bakin maiɗakina da ƴan'uwana mata na ji shi, don haka ka ɗauke shi a haka. Abin da suke faɗa shi ne, sabuwar zuwa ita ake fara shiga wa sannu da zuwa, amma wajibi ne ta rama ziyarar gida-gida cikin kwanaki kaɗan, in ba haka ba a ce tana jin kanta. Islamiyyar matan aure ta unguwa ita ce wuri mafi sauƙi na yin ƙawaye. Adashi da ƙungiyoyin biki kuwa, ta jinkirta shiga har ta san uwar adashin da halin masu zubi. Kuma ka sa ta cikin zaɓen gidan, ko da ta waya ne, domin ita za ta lura da inda za a girka tukunya da inda za a shanya tufafi, abin da kai da dillali ba za ku duba ba.

Yara ba su da wuya. Idan Zabarmanci ya fi ƙarfi a bakinsu, za a yi musu dariya mako biyu, kafin wata uku kuma su dawo suna gyara maka Hausa. Ka karɓo takardun canjin makarantarsu tun kafin ka baro Yamai, domin makarantu suna buɗewa a watan Oktoba, ka kuma sa su a makarantar allo ko Islamiyyar layinku, inda za su san yaran maƙwabta, iyayen ma su san naka.

Abin da na sani ya tsaya ne a kan haya da zaman unguwa, kuma layi yana canzawa: bututu sabo yana iya gyara wurin da na sani da ƙishirwa, maƙwabci ɗaya kuma yana iya ɓata layin da na yaba. Saboda haka shawarata ta aiki ita ce ka riga iyalinka zuwa. Ka sauka wurin abokin aiki ko ka kama ɗaki ɗaya na wata guda, ka ware gida biyu ko uku da suka kwanta maka, ka ziyarci kowanne sau uku: da asuba ka ga famfo da masallaci, da azahar ka ji zafin ɗakin, da kuma bayan isha'i ka ga waɗanda suke zama a bakin layin da irin hirar da suke yi. Wanda ka zaɓa, kada ka biya fiye da wata uku gaba idan mai gidan ya yarda, don ka samu hanyar tashi idan bazara ta nuna maka abin da damina ta ɓoye. Idan ka iso, ka aiko mini da sunayen layukan da ka gani, in gaya maka abin da na sani a kan kowanne. Allah ya kawo ku lafiya.